Kofi a Hannu, Ƙofa a Kulle: Abin da Kakar Mestis ta 2024–25 Ta Tona

A ƙarshen kakar 2024–25, ƙungiyar Jokerit ta birnin Helsinki ta ɗaga kofin Mestis, gasar hokin ƙanƙara ta rukuni na biyu a ƙasar Finland, bayan ta doke IPK ta garin Iisalmi a zagayen ƙarshe. Murnar ba ta yi nisa ba. Ba a jima ba aka haɗa ta da Pelicans ta Lahti, wadda ta rage a ƙasan babbar gasar ƙasar, Liiga, aka ce duk wadda ta riga cin wasa huɗu ita ce za ta zauna a sama kaka mai zuwa. Pelicans ta ci huɗu, Jokerit ta ci ɗaya. Kowa ya koma mazauninsa.

Wanda ya kalli sakamakon kawai zai ce ai an yi adalci: an ba ta dama, ta kasa. Ni ban ga haka ba. A ganina an tsara wannan karawa ne yadda na ƙasa zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da ta buɗu ba, kuma ko ɗan buɗewar da aka yi mata a wannan kaka, ba don ƙananan garuruwan da suka riƙe gasar shekara ashirin da biyar aka yi ba. An yi ne saboda wani babban gida ya tsinci kansa a waje.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ana buga shi ne a kan daskararriyar ƙanƙara cikin rufaffen zaure, mutum shida-shida har da mai tsaron raga, kowa da sanda mai lanƙwasa, ana korar wani ɗan faifan roba mai tauri. Zango uku ake yi, kowane minti ashirin, kuma gudun yana da tsanani har ba a cika barin ɗan wasa ya wuce minti guda a fili ba kafin a canza shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga maganar da za mu yi, domin yana nufin gwani ɗaya ko biyu ba sa ɗaukar ƙungiya. Sai kana da kusan mutum ashirin da za su iya, kuma tara mutum ashirin masu iyawa aikin kuɗi ne. A Finland kuwa wannan wasa shi ne sarki. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan biyar da rabi, amma ta ci kofin duniya a 1995, 2011, 2019 da 2022, ta kuma ɗauki zinaren Olamfik a Beijin a 2022.

Tushen rigimar yana cikin wanda ya mallaki me. Mestis tana hannun hukumar hokin ƙanƙara ta ƙasa, kamar yadda Suomi-sarja, rukuni na uku, take. Liiga kuwa kamfani ce, kuma masu hannun jari a cikinta su ne ƙungiyoyin da ke buga ta. To ka ga ke nan duk lokacin da aka zauna shawarar ko a bar wani ya hauro, wani ya sauka, masu jefa ƙuri'ar su ne waɗanda saukar za ta iya faɗawa a kansu. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin yadda rabo ya kasance.

A shekarar 2000 aka kafa Mestis a madadin tsohon rukuni na ɗaya, kuma a wannan shekarar ce babbar gasar ta rufe ƙofarta. Abin dariyar shi ne yadda aka rufe ta. Kärpät ta Oulu, wadda ta faɗi a 1989, ta kuma karye a tsakiyar shekarun 1990, ta sake ginuwa daga ƙasa har ta doke Pelicans a wasannin neman gurbi na 2000. Bisa ƙa'ida Pelicans ce za ta sauka. Sai aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya goma sha uku, aka bar ta a ciki, aka ja ƙofa. Kärpät ɗin da ta shigo a ƙurarren lokaci ita ce ta zo ta ci kofin ƙasa a 2004, 2005, 2007, 2008, 2014, 2015 da 2018. Da an rufe ƙofar shekara guda kafin haka, da ƙungiyar da ta mamaye shekarun nan tana can tana roƙon lasisi. Ban san wata hujja da ta fi wannan ƙarfi a hannun masu son a buɗe gasar ba, kuma masu son a rufe ba su taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Daga nan sai Mestis ta zama gasar da ake cin kofi a ajiye a kabad. Jukurit ta Mikkeli ta ci na 2001, 2002 da 2003 a jere, ba ta je ko'ina ba. KalPa ta Kuopio ta haura a 2005, amma da izinin na ciki, ba da hukuncin fili kaɗai ba. A kakar 2008–09 aka dawo da wasannin neman gurbi, aka yi su sau biyar, kuma sau biyar ɗin nan na sama ne ya tsira. Wadda ta fi kusa ita ce Sport ta Vaasa, da ta ja Ässät ta Pori har wasa na bakwai a 2009 kafin ta faɗi. Ilves ta Tampere, mai tarin kofunan ƙasa, sau uku tana zuwa bakin ramin, a 2010, 2012 da 2013, tana komawa lafiya. Pelicans ma ta sake leƙawa a 2011. Bayan 2013 aka ce a daina wahalar da kai, aka sake kullewa.

To amma kullewar ba ta hana shiga ba, ta dai canza hanyar shigar. Sport ta haura a 2014 domin Jokerit ta bar gurbi. KooKoo ta Kouvola ta bi a 2015. Jukurit, bayan kofi bakwai na Mestis, ta samu shiga a 2016, shekarar da Blues ta Espoo ta karye. Duk waɗannan a teburin shawara aka yanke su: a duba girman zaurenka, a duba asusunka, sannan ka sayi hannun jari a kamfanin gasar, kuɗin da ya haura yuro miliyan ɗaya. Na baya-bayan nan ya fi kowanne fito da abin fili. A 2024 IPK ce ta ci kofin Mestis. Wadda ta haura Liiga a shekarar kuwa Kiekko-Espoo ce, zakarar 2023, wadda ba ita ta ci na 2024 ba. Espoo birni ne na biyu a girma a ƙasar, maƙwabcin Helsinki, cike da kamfanoni. Iisalmi gari ne mai mutum kusan dubu ashirin a yankin Savo ta Arewa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Yanzu ga Jokerit, wadda labarinta ya fi na kowa tsawo, kuma dole a tsaya a kansa domin shi ne ya motsa komai. An kafa ta a 1967, ta ci kofin ƙasa sau shida, na ƙarshe a 2002. Daga cikinta Jari Kurri da Teemu Selänne suka fito, manyan sunaye biyu da Finland ta aika gasar NHL ta Amurka da Kanada. Ita kanta ta taɓa faɗuwa rukuni na ƙasa a ƙarshen shekarun 1980, ta kuma dawo a 1989 da Selänne yana matashi a cikinta, lokacin da ƙofa take a buɗe. Harry Harkimo, ɗan kasuwa kuma daga baya ɗan siyasa, shi ya mayar da ita babbar harka, ya gina katafaren zauren Hartwall da aka buɗe a 1997, mai ɗaukar mutum sama da dubu goma sha uku. A 2013 ya sayar da zauren ga attajiran Rasha, Gennady Timchenko da iyalan Rotenberg, mutanen da kusancinsu da fadar Kremlin ba ɓoyayye ba ne, kuma a 2014 Jokerit ta tattara ta koma KHL, gasar da Rasha ke jagoranta. Ta yi kaka takwas tana tashi a jirgi zuwa Mosko da Omsk da can gabas mai nisa, ƙungiyoyin gida kuwa suna kallonta a matsayin wadda ta raina su ta bi kuɗi.

A watan Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren. Cikin kwanaki Jokerit ta janye daga wasannin KHL, masu ɗaukar nauyinta suka gudu, zauren Hartwall ya shiga takunkumi saboda masu shi, aka kulle shi shekaru. Kakar 2022–23 babbar ƙungiyar ba ta buga ko wasa ɗaya ba. Da ta dawo a 2023 da sababbin masu ita, Liiga ba ta shimfiɗa mata tabarma ba. Mestis aka nuna mata. Ƙungiyar da ta saba da zaure mai dubu goma sha uku ta koma karɓar baƙi a ƙaramin zauren garin Kerava, a wajen Helsinki, tana ɗan aron tsohon zauren birnin, gidan abokiyar gabarta HIFK.

Ba na jin tausayinta sosai a kan wannan, domin ita ta zaɓi hanyarta. Abin da ya dame ni shi ne abin da zuwanta ya nuna game da sauran. Shekara da shekaru magoya bayan Mestis suna kukan a buɗe gasa, ƙungiyar 'yan wasa ma ta fito fili ta goyi bayan haka, ba a ji ba. Ketterä ta Imatra ta ci kofi a 2019, 2021 da 2022, ba wanda ya kira taron gaggawa. KeuPa, daga Keuruu mai mutum ƙasa da dubu goma, ta ci na 2018, aka yi mata tafi aka wuce. Amma da ƙungiyar da ke da magoya baya a ko'ina cikin ƙasar ta faɗo ƙasa, wadda kowace ƙungiyar Liiga ta san za ta cika mata zaure in ta zo baƙunta, sai ga shi an tuna cewa akwai wani abu wai shi wasan neman gurbi. Ba ina cewa Jokerit kaɗai ce dalili ba, matsin lamba ya daɗe yana taruwa. Sai dai lokacin da aka zaɓa ya faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Kakar 2024–25 kanta ƙungiya goma ce ta buga ta, kuma raguwar adadin labari ne mai zaman kansa. Gasar ta yi ta zubar da ƙungiyoyi saboda rashin kuɗi. Espoo United, wadda aka kafa a kan kufan Blues, kaka biyu ta yi ta karye a 2018. An ma taɓa gayyato Zemgale daga Latbiya a kakar 2022–23. Waɗanda suka rage sun warwatsu a ƙasa mai tsawo: TUTO a Turku can kudu maso yamma, Hermes a Kokkola a bakin teku, JoKP a Joensuu da Ketterä a Imatra ta gabas, RoKi a Rovaniemi kusa da da'irar Aktik, tafiyar sama da kilomita ɗari takwas daga Helsinki. A mota ake yin wannan tafiya, cikin hunturun da rana ke leƙowa na 'yan sa'o'i ta koma. Da yawa daga cikin 'yan wasan ba su dogara da albashin wasan kaɗai ba, wasu ɗalibai ne, wasu suna da wani aikin a gefe. Imatra ma tana da nata ƙarin nauyin: gari ne a kan iyakar Rasha da kasuwarsa ta saba da masu tsallakowa sayayya, kuma Finland ta rufe mashigun iyakar gabas a ƙarshen 2023. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya ragu ba shi ne zai ƙara kuɗin talla a rigar ƙungiya ba.

Cikin wannan taro ne Jokerit ta shigo da Valtteri Filppula, yana da shekara arba'in, mutumin da ya ci kofin Stanley na NHL da Detroit a 2008, ya kuma haɗa zinaren Olamfik da kofin duniya a 2022, ɗan Finland na farko da ya haɗa ukun nan. Irin wannan ɗan wasa yana sauka daga mota a Keuruu ko Iisalmi, zaure ya cika, mai sayar da tsiran alade da kofi ya yi ciniki, ma'ajin ƙungiya ya yi murmushi. Wannan alheri ne na gaske, ba na musun sa. Ƙananan ƙungiyoyi sun ci moriyar zaman Jokerit a cikinsu fiye da yadda suka ci moriyar duk wani tsari da hukuma ta fito da shi a shekarun baya. Amma alheri ne na baƙo, kuma baƙon kowa ya san jakarsa a ɗaure take.

Mu koma kan karawar da Pelicans, domin a nan ne ake cewa fili ya yi hukunci. Wace Pelicans ce? Ita ce ta buga wasan ƙarshe na Liiga a 2023 da 2024, Tappara ta doke ta duka biyun. Wato ƙungiya ce da aka gina da kasafin neman kofin ƙasa, kaka ɗaya ta ɓaci mata, har Jukurit ta tura ta bakin rami a wasan tsira na ƙungiyoyi biyun ƙarshe. 'Yan wasanta sun yi wasa sittin suna karawa da mafi gudu da ƙarfi a ƙasar. Zakaran Mestis kuwa ya shafe kaka yana wasa da waɗanda ba su kai wannan gudun ba, ya ratsa zagaye-zagayen neman kofi, ya zo a gajiye, sannan aka ce ya ci huɗu cikin bakwai. A wasa ɗaya komai na iya faruwa, mai tsaron raga ya tashi da sa'a, faifai ya daki ƙarfe ya shiga. A wasa bakwai sa'a tana ƙarewa, zurfin benci ne ke magana, benci kuwa kuɗi ne. Shi ya sa masu tsara gasa suke son wasa bakwai in suna neman gwani na gaskiya, kuma shi ya sa na ciki suke son sa in suna neman kariya. Lissafin a bayyane yake: sau shida aka yi wannan karawa daga 2009 zuwa 2025, sau shida na sama ya ci. In Jokerit, da ta fi kowa a Mestis kuɗi da suna, wasa ɗaya ta iya ƙwata, to me ake tsammani daga IPK ko Ketterä?

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a shekarun da ƙofa take a buɗe ƙungiyoyi sun yi ta cin bashi don gudun faɗuwa ko don neman hawa, wasu suka karye. Suna cewa ƙungiyar da ta san ba za ta faɗi ba tana iya sa yara matasa a fili ba tare da fargaba ba, tana iya ƙulla yarjejeniyar shekaru da masu talla, gari ma yana iya gina zaure da kwanciyar hankali. Suna kuma nuna NHL, wadda ba a hawa ba a sauka, amma ita ce gasar da ta fi kowace a duniya. Sannan ga tambayar da ta fi ciwo: in IPK ta haura, da wane zaure, da wane kasafi? Ba za ta zama abin dukan kowa ba ne kaka guda, ta dawo da bashi a wuya?

Na ɗauki tambayar ƙarshen nan da muhimmanci, sauran kuwa ba su tsaya da ƙafarsu ba. Rufewa ba ta hana karyewa ba: Blues a cikin rufaffiyar gasa ta mutu, bayan ta buga wasan ƙarshe na ƙasa a 2008 da 2011. Abin da rufewa ta haifar shi ne wata al'ada da masu kallo a Finland suka sani sarai, wato ƙungiyar da ta ga ba za ta kai zagayen neman kofi ba sai ta saki manyan 'yan wasanta su tafi wasu ƙungiyoyi ko ƙasashen waje kafin a rufe kasuwa, ta rage albashi, ta ƙarasa kaka da abin da ya rage. Wanda ya sayi tikitin kaka guda shi aka cuta, kuma ba abin da zai sami ƙungiyar. Misalin NHL kuwa bai shigo nan ba. Can akwai rabon sababbin 'yan wasa da ke fifita na baya, akwai iyakar albashi, kuma ƙungiyoyin ƙananan gasanni reshe ne na manya, ba su taɓa mafarkin hawa ba. Ƙungiyoyin Mestis ba reshen kowa ba ne a asalinsu. Kulob-kulob ne na gari, masu tarihi, da yara ƙanana a ƙarƙashinsu. Mai karatu da ke bin ƙwallon ƙafar Turai zai tuna yadda magoya baya suka yi wa shirin Super League ca a 2021 har ya rushe cikin kwanaki. Abin da suka ƙi a can shi ne abin da Iisalmi da Imatra suke rayuwa a cikinsa tun 2000.

Ba sai an je nesa neman wata hanya ba, maƙwabciya Suwidin tana nan. Can wanda ya ci rukuni na biyu yana haurawa kai tsaye, ƙungiyoyi biyun ƙarshe na babbar gasa kuma su kara, wadda ta faɗi ta sauka. Manyan gidaje sun sauka: HV71 a 2021, Djurgården ta Stockholm a 2022, Brynäs a 2023. Ba wadda ta mutu. HV71 ta dawo bayan kaka guda. Brynäs ta dawo a 2024, kuma a kakar 2024–25 ɗin nan da muke magana a kai ta ƙare a saman teburi, ta kai wasan ƙarshe, Luleå ta doke ta. Djurgården ta dawo a 2025. Abin da ya sa faɗuwa ba ta zama mutuwa a can ba shi ne rukuni na biyun yana da rai: yana da masu kallo, yana da kuɗin talabijin, saboda kowa ya san ana zuwa wani wuri daga cikinsa. A Finland an yi akasin haka. An bar Mestis ta rame shekara ashirin da biyar saboda ba ta kai kowa ko'ina, yanzu kuma ana nuna ramarta a matsayin dalilin da ya sa faɗawa cikinta hatsari ne, hawa daga cikinta kuma ganganci. Wanda ya hana ta abinci shi ne ke cewa ba ta da ƙarfi.

Akwai kuma wani amfani da manyan suke ci daga Mestis ba tare da sun biya daidai ba. Nan suke aika yaransu aro su gogu da manya. Patrik Laine ya buga wa LeKi wasanni a kakar 2014–15, Jesse Puljujärvi ya buga wa Hokki ta Kajaani a wannan kakar, kuma a 2016 aka ɗauke su na biyu da na huɗu a zaɓen NHL. Masu horarwa da alƙalan wasa ma a nan da yawa suke koyon aiki. Wato ana son Mestis ta rayu daidai yadda za ta yi renon 'ya'yan wasu, ba a son ta yi ƙarfin da za ta nemi kujera. In ɗan wasanta ya yi fice a watan Nuwamba, kafin kaka ta zagayo yana sanye da rigar wata ƙungiyar Liiga, ƙungiyar da ta fito da shi kuma ta sake farawa daga tushe. Hakan yana faruwa a kowace ƙaramar gasa a duniya, gaskiya ne, amma a wasu wuraren akwai abin da za ka riƙe yaro da shi: ka ce masa tsaya, bana za mu hau tare. Shugaban ƙungiya a Mestis ba shi da wannan maganar a bakinsa.

Jokerit za ta koma Liiga, wannan ba na shakka. In ba ta shiga ta fili ba za ta shiga ta teburi, domin na ciki suna bukatar karawarta da HIFK da cunkoson da take kawowa fiye da yadda suke bukatar riƙe fushin 2014. Ranar da hakan ta faru za a ce tsarin ya yi aiki, alhali ba a gwada shi a kan kowa ba sai mai ƙarfi. Gwajin gaskiya shi ne abin da zai sami zakaran da ba shi da Helsinki a bayansa. A nan ne nake ganin tambayar zaure da kasafi tana bukatar amsa ta aiki, ba ta zama sandar kora ba. A ba zakara gurbinsa kai tsaye kamar yadda Suwidin ke yi. A ba shi wa'adin shekaru ya gyara zaurensa maimakon a ce sai ya gama kafin ya shigo, domin ba majalisar garin da za ta zuba kuɗin jama'a a ginin da ba ta da tabbacin za a yi amfani da shi. Hannun jarin gasar kuma ya riƙa tafiya da gurbin, mai sauka ya miƙa wa mai hawa a kan farashin da aka yanke tun farko, ba a ce ƙungiyar ƙaramin gari ta nemo kuɗin da ya fi ƙarfin kasafinta kafin ta sayi ko sanda ɗaya ba. Wadda ta sauka ma a ba ta wani kaso na kuɗin talabijin na shekara ɗaya ko biyu, don kada tsoron faɗuwa ya sa ta sake jefa ƙuri'ar kullewa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai rage wa ƙungiyoyin da ke ciki wani abu, ko kuɗi ko barci, kuma su ne za su zauna su yanke. Hukumar ƙasa tana da abin da za ta matsa da shi, domin da yarjejeniya da ita ne Liiga ke fitar da zakaran Finland, amma ta daɗe tana zaɓar zaman lafiya da manyan kulob. IPK ta kai wasan ƙarshe shekara biyu a jere, ta ci ɗaya, ta rasa ɗaya. A shekarar da ta ci babu wasan neman gurbi, a shekarar da aka dawo da shi kuma Jokerit ce a gabanta.